"VDRL" a Takardar Lab: Abin da Gwajin Jinin Tunjere Ke Faɗa, da Abin da Ba Ya Faɗa

A Kano, unguwanni kaɗan ne ake ɗibar jini domin gwaji a kullum kamar Gyadi-Gyadi. A nan, cikin ƙaramar hukumar Tarauni, a bakin titin Zariya, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, wanda aka kafa a 1988, kuma Kanawa suka taƙaita sunansa zuwa Asibitin Malam. Kewaye da shi akwai ɗakunan gwaji na 'yan kasuwa, da shagunan magani, da masu sayar da kayan asibiti. Duk wanda ya karɓi takardar sakamako a wannan yanki, akwai haruffa huɗu da yakan ci karo da su a jerin gwaje-gwajen: VDRL.

Mai ciki da ta je awo takan gan su a katinta. Matashin da aka kira ya ba ɗan'uwansa jini yakan gan su. Mai shirin tafiya aiki ƙasar waje ma yakan gan su a takardar gwajin lafiya. Tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a watan Mayun 2024, wadda ta ambaci ƙanjamau da ciwon hanta na B da C da gwajin sikila, masu shirin aure sun ƙaru a layin ɗakunan gwaji, kuma wasu ɗakunan sukan haɗa da wannan gwaji a cikin jerin da suke yi wa ango da amarya.

Abin da yakan biyo baya sananne ne. Mutum ya ɗauki hoton takardar da wayarsa, ya rubuta haruffan a Google ko ya tambayi manhajar AI, ya ga sunan cutar da ake nufi, hankalinsa ya tashi. Idan kuma kalmar da ke gaban haruffan "reactive" ce ko "positive", to kafin likita ya ga takardar, an riga an yanke hukunci a zuci. A kan wannan kalma ɗaya ana iya fasa aure, ana iya zargin mata ko miji. Alhali a ka'idar likitanci, gwaji ɗaya ba ya isa a ce mutum yana ɗauke da wannan cuta a yanzu. Gwaje-gwajenta gida biyu ne, kowane gida da tambayar da yake amsawa, kuma sai an haɗa amsoshin biyu ake fahimtar gaskiyar lamarin.

Cutar da take ɓuya

Sunanta a Hausa tunjere, a Turance syphilis. Mutane da yawa sukan cusa ta cikin buhun "ciwon sanyi", sunan da ake laƙaba wa kusan duk wata matsalar al'aura, amma ita cuta ce daban da ƙwayarta daban. Wata bakteriya ce siririya mai siffar murɗaɗɗiyar waya, mai suna Treponema pallidum, wadda masana biyu, Fritz Schaudinn da Erich Hoffmann, suka gano a birnin Berlin na Jamus a 1905. Ana ɗaukarta ta hanyar saduwa, kuma uwa tana iya ba ɗan da ke cikinta.

Wayon cutar shi ne yadda take zuwa ta tafi. Kimanin mako 3 bayan kamuwa, wani lokaci kwana 10, wani lokaci har kwana 90, ƙaramin gyambo yakan fito a inda ƙwayar ta shiga. Yawanci ba ya zafi, kuma yakan warke da kansa cikin mako 3 zuwa 6. Bayan wasu makonni sai ƙuraje su feso, sau da yawa har a tafin hannu da tafin ƙafa, tare da zazzaɓi da kumburin kaluluwa. Su ma sukan ɓace ba tare da magani ba. Daga nan sai cutar ta yi shiru na tsawon shekaru. A jikin wasu daga cikin waɗanda ba a yi wa magani ba, takan dawo bayan shekara 10 zuwa 30 ta taɓa zuciya, ko ƙwaƙwalwa, ko jijiyoyi. Ido da kunne kuwa tana iya taɓa su a kowane mataki.

Ba tsohon labari ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 kaɗai, mutum miliyan 8 masu shekara 15 zuwa 49 ne suka kamu da ita a faɗin duniya. Da yake mafi yawan lokacinta a ɓoye take, ido ba ya iya gano ta. Sai jini.

Sawu ake bi, ba giwar ba

Mai karatu zai iya tambaya: me ya sa ba za a duba ƙwayar kai-tsaye ba, kamar yadda ake duba ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a madubin likita? Dalili shi ne wannan bakteriya ta fi ƙarfin madubi na yau da kullum saboda sirantarta. Akwai madubi na musamman mai duhun fage da ake iya ganinta da shi, akwai kuma gwajin PCR da ke neman ƙwayar halittarta, amma duka biyun sun fi aiki ne idan akwai gyambon da za a ɗebi ruwansa. Haka kuma ba ta tsiro a farantin lab kamar sauran ƙwayoyin cuta. Sai a 2018 ne masana a jihar Texas ta Amurka suka sanar da cewa sun iya rainonta na tsawon lokaci a lab, shi ma sai da taimakon ƙwayoyin jikin zomo.

Saboda haka masu gwaji sawunta suke bi. Idan cuta ta shiga jiki, garkuwar jiki takan ƙera wasu sinadaran kariya da likitoci ke kira antibodi. Gwajin jinin tunjere su yake nema. Kuma iri biyu ne ake samu, shi ya sa gwajin ya rabu gida biyu.

Gida na farko: VDRL da RPR

Wannan gida shi ne tsoho. August von Wassermann ne ya fara shi a Jamus a 1906. A 1941 wata masaniyar sinadarai a Amurka, Mary Pangborn, ta tace ainihin sinadarin da ke sa gwajin aiki daga zuciyar saniya, wani nau'in maiƙo da aka raɗa wa suna kadiyolifin. Da shi aka gina gwajin VDRL a 1946. Haruffan nan huɗu ma ba sunan cuta ba ne, taƙaitaccen sunan ɗakin binciken gwamnatin Amurka ne da ya ƙirƙiro gwajin. Ƙanensa RPR ya fito a 1957, daga baya aka mayar da shi kan kati.

Yadda ake yin RPR abin sha'awa ne ga mai son na'urori. Ana ɗibar jini daga jijiya, a juya shi a inji har ruwansa ya rabu da jajayen ƙwayoyin. A ɗiga ruwan a cikin da'irar da ke kan farin kati, a ƙara masa ɗigon sinadari mai ɗauke da garin gawayi. Sai a ɗora katin a kan wata na'ura da ke kaɗa shi sau 100 a minti, tsawon minti 8. Idan antibodin da ake nema yana nan, gawayin zai dunƙule ya yi baƙaƙen ɗigo-ɗigo da ido ke gani. Idan babu, ruwan zai zauna sumul. VDRL na asali kuwa a kan gilashi ake yin sa, sai an ɗumama ruwan jinin, kuma da madubin likita ake karanta shi.

Amfanin wannan gida shi ne yana ba da lamba. Idan sakamako ya nuna akwai, sai a riƙa sirka ruwan jinin: rabi da rabi, sannan kashi ɗaya cikin huɗu, cikin takwas, haka dai, har a kai inda ya daina dunƙulewa. Shi ne ake rubutawa 1:2, 1:8, 1:32. Yawan lambar ƙarshe, yawan antibodin. Lambar tana hawa idan cutar tana aiki, tana sauka bayan magani, kamar sandunan sabis a saman waya da ke nuna ƙarfin abin da ke faruwa a wannan lokacin.

Rauninsa kuwa shi ne ba ƙwayar tunjere yake nema ba. Martanin jiki yake aunawa ga maiƙon da ke fita daga ƙwayoyin jikin da suka lalace, kuma ba tunjere kaɗai ke jawo hakan ba. Zazzaɓin cizon sauro, juna biyu, ciwon hanta, ƙanjamau, kuturta, cutar garkuwar jiki da ake kira lupus, har da tsufa, duk suna iya sa gwajin ya nuna "reactive" ga wanda bai taɓa haɗuwa da tunjere ba. A irin wannan hali lambar takan zama ƙarama. A gari irin Kano, inda zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da gida guda a damina, wannan ba ƙaramin abin lura ba ne.

Gida na biyu: TPHA da tsinken gaggawa

Gwaje-gwajen wannan gida antibodin da jiki ya ƙera domin ita ƙwayar Treponema kanta suke nema. A cikinsu akwai TPHA da TPPA, da FTA-ABS, da waɗanda manyan injinan lab ke yi kamar ELISA. A nan ne kuma tsinken gwajin gaggawa yake, wanda ya yi kama da tsinken gwajin ciki: a huda yatsa, a ɗiga jini da ruwan sinadari, a jira minti 15 zuwa 20. Layi ɗaya a wajen harafin C na nufin tsinken ya yi aiki kuma bai ga komai ba. Layi biyu na nufin ya ga antibodi. Idan layin C bai fito ba, gwajin ya lalace, ko da wani layin ya fito.

A cikin tsinken akwai wata siririyar takarda da jinin ke bi yana tafiya, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. A hanya yana haɗuwa da ƙananan ƙwayoyi masu launi, galibi na zinariya, waɗanda aka liƙa wa sinadaran ƙwayar cutar. Idan antibodin yana cikin jinin, zai kama su, su tafi tare su maƙale a kan layin gwaji, launi ya bayyana. Ba ya buƙatar wutar lantarki, ba ya buƙatar firiji ko madubi, shi ya sa ya yaɗu har asibitocin karkara.

Waɗannan gwaje-gwaje sun fi na gidan farko dacewa da ainihin cutar, amma su ma da nasu cikas. A jikin mafi yawan mutane, da zarar sun nuna akwai, haka za su ci gaba da nunawa har ƙarshen rayuwa, ko da an yi magani an warke tas. Kamar rajistar kira ce da ba a gogewa: tana nuna an taɓa kira, ba ta nuna ana kan layi yanzu. Wanda ya kamu shekara goma da suka wuce ya warke, da wanda ke ɗauke da cutar yau, layi biyu za su gani dukansu.

Akwai kuma wani abu da ya shafi wannan yanki na duniya. Ƙwayar tunjere tana da 'yan'uwa na kusa da ba ta hanyar saduwa ake ɗaukarsu ba. Ɗaya ita ce cutar fata da ake kira yaws, mai kama yara a yankunan kurmi irin na Gana da Kamaru. Ɗayar ita ce bejel, wadda aka sani a ƙasashen Sahel masu fari irin su Nijar da Mali, kuma yara kan ɗauke ta ta cuɗanya da shan ruwa a ƙoƙo ɗaya. Gwajin jini, na gidan farko da na biyu, ba ya iya bambance su da tunjere. Saboda haka layi biyu a tsinke ba shaidar abin da mutum ya aikata ba ne.

Sunan da ke ruɗa mutane

A kasuwar kayan lab ta Najeriya, an saba kiran tsinken gaggawar nan da sunan "VDRL", kamar yadda ake kiran kowane garin wanki Omo. Sai likita ya rubuta VDRL, a yi gwajin da tsinke, a rubuta sakamako a gaban VDRL. Amma tsinken ɗan gida na biyu ne, VDRL na gaskiya kuwa ɗan gida na farko. Fassararsu ba ɗaya ba ce.

Illar wannan ruɗani tana fitowa ta hanya biyu. Wanda aka yi wa magani zai iya komawa bayan wata shida, a sake saka masa tsinke, ya sake ganin layi biyu, ya ɗauka maganin bai yi ba, ya shiga yawon kemis da masu maganin gargajiya. Wani kuma zai ce bari ya tabbatar, sai ya tsallaka titi zuwa wani lab ɗin, a sake yi masa irin tsinken da aka yi masa da farko. Ya biya kuɗi sau biyu, amma tambaya ɗaya ya yi sau biyu.

Hanyar gane wanda aka yi ba ta da wuya. Idan yatsa aka huda kuma sakamako ya fito cikin 'yan mintuna, kusan tabbas tsinke ne. Idan takarda ta nuna akwai kuma ta zo da lamba irin 1:8 ko 1:16, to RPR ne ko VDRL na asali. Mafi sauƙi dai shi ne a tambayi ma'aikacin lab kai-tsaye: da tsinke aka yi, ko da kati? Tambaya ce ta haƙƙi, kuma ƙwararren ma'aikaci ba zai ji haushinta ba.

Yadda ake haɗa amsoshin biyu

Akwai tsari biyu da ɗakunan gwaji ke bi a duniya. A tsohon tsari, ana farawa da RPR ko VDRL, idan ya nuna akwai sai a tabbatar da TPHA ko makamancinsa. A sabon tsari kuma ana farawa da gwajin gida na biyu, tsinke ko inji, idan ya nuna akwai sai a yi RPR domin a ga ko cutar tana aiki. Ko ta ina aka fara, amsoshin sukan faɗa cikin ɗaya daga hali huɗu.

Idan duka biyun sun nuna babu, to babu alamar cutar, sai fa idan kamuwar sabuwa ce fil. Idan duka biyun sun nuna akwai, to akwai yiwuwar cutar tana aiki, ko kuma an yi maganinta ba da jimawa ba, kuma likita zai duba lambar da tarihin mutum. Idan RPR ya nuna akwai amma TPHA ya nuna babu, galibi ƙararrawar ƙarya ce daga wani abu daban. Idan tsinke ko TPHA ya nuna akwai amma RPR ya nuna babu, to yana iya zama tsohuwar cuta da aka warke, ko wadda ta daɗe a ɓoye ba a yi mata magani ba, ko wadda ta fara shiga. A nan akan ƙara wani gwajin daban na gida na biyu domin raba gardama. Wannan hali na huɗu shi ne ya fi buƙatar zama da likita, domin babu manhajar da ta san ko an taɓa yi wa mutum allurar wannan cuta a baya.

Lokaci ma yana da tasiri. Jiki yana ɗaukar makonni kafin ya ƙera antibodin da za a iya gani, saboda haka wanda ya yi gwaji kwana biyu bayan abin da ya tayar masa da hankali zai iya ganin "non-reactive" alhali ƙwayar ta shiga. Akan shawarci irin wannan mutum ya maimaita bayan wasu makonni, kuma a tabbatar a wata na uku. Akwai kuma wani abin mamaki da ke faruwa jefi-jefi: idan antibodi ya yi yawa ƙwarai, RPR yana iya kasa dunƙulewa ya nuna babu. Maganin wannan shi ne a sirka ruwan jinin a sake gwadawa, kuma likitan da ya ga alamun cutar ƙarara yakan nemi a yi hakan. Idan ana zargin ta taɓa ƙwaƙwalwa, ruwan ƙashin baya ake ɗiba a yi masa VDRL.

Inda ba a jira: ɗakin awon ciki

Wuri ɗaya ne ka'idar jiran gwaji na biyu take sassautawa, shi ne wajen mai juna biyu. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna jarirai kimanin 700,000 ne cutar ta shafa daga ciki a wannan shekara. Tana jawo ɓari, da haihuwar ɗa babu rai, da bakwaini, da mutuwar jariri a kwanakin farko. A cikin matan da ake yi wa kallon masu wabi, ko ake cewa iska ce ke taɓa musu ciki, akwai waɗanda matsalarsu gwajin minti 20 zai iya ganowa.

Saboda girman wannan hatsari, hukumar ta ba da shawarar cewa a asibitocin da babu halin yin gwaji na biyu nan take, idan tsinke ya nuna akwai, a yi wa mai cikin allura a ranar. Yi wa wadda ta riga ta warke allura ƙaramar asara ce idan aka kwatanta da rasa jariri saboda an ce ta dawo mako mai zuwa ba ta dawo ba. Allurar ta fi kare jariri idan an yi ta da wuri, aƙalla kwana 30 kafin haihuwa, wanda ke nufin fara awo tun cikin yana ƙarami.

Fasaha ta taimaka a nan. Akwai tsinke ɗaya mai gwada ƙanjamau da tunjere a lokaci guda da ɗigon jini ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ingancin irinsa na farko, SD Bioline HIV/Syphilis Duo, a 2015, kuma a 2019 ta ba da shawarar a riƙa fara gwajin masu ciki da irin wannan tsinke. A ƙarshen 2021 aka cimma yarjejeniyar da ta sauko da farashin wani nau'insa zuwa ƙasa da dala 1 ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Ƙasar Kuba ce ta farko da aka tabbatar ta kawar da yaɗuwar cututtukan biyu daga uwa zuwa ɗa, a 2015.

Shin waya za ta iya zama lab?

An gwada. A watan Fabrairun 2015, ayarin Farfesa Samuel Sia na Jami'ar Columbia a birnin New York ya wallafa sakamakon wata 'yar na'ura da ke shiga tafin hannu, wadda ake jona ta da waya ta ramin iyafis. Ta wannan rami take samun wuta, ta nan kuma take aika bayanai zuwa manhaja. Maimakon famfon lantarki, maɓallin roba ake dannawa da yatsa ya zuƙo jinin cikin ƙananan hanyoyin da ke jikin katin. Cikin minti 15 tana ba da amsa uku: ƙanjamau, da gwajin tunjere na gida na biyu, da na gida na farko. An gwada ta a kan mutum 96 a ƙasar Ruwanda, kuma an ƙiyasta kuɗin ƙera ta dala 34, alhali injin lab da ke irin wannan aiki yana kaiwa dubban daloli. Abin lura shi ne masu ƙirar ba su tsaya a gwaji ɗaya ba, gidajen biyu suka cusa a ciki. Na'urar bincike ce dai, ba kayan da za a tarar a kasuwar waya ta Farm Centre ba. Shekara ɗaya bayan haka ma Apple ta cire ramin iyafis daga iPhone 7, wasu kamfanoni suka bi sahu.

A watan Agustan 2024, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da gwajin tunjere na farko da mutum zai saya ya yi da kansa a gida, mai suna First To Know. Shi ma ɗan gida na biyu ne, kuma hukumar ta faɗa ƙarara cewa sakamakonsa kaɗai bai isa a ce mutum yana da cutar ba, sai an ƙara wani gwajin a lab.

Wannan gargaɗi ya shafi duk mai sayen tsinke a intanet ko a kemis. Yawancin tsinkayen nan an ƙera su ne a adana su tsakanin digiri 2 zuwa 30 a ma'aunin Selshiyos, alhali zafin Kano a watan Afrilu yakan haura digiri 40. Tsinken da ya kwana a shagon kwano ko a but ɗin mota yana iya yin ƙarya. A duba ranar ƙarewar aiki, a duba ko ledar ba ta huje ba, kuma kada a karanta sakamako bayan lokacin da takardar ta ƙayyade, domin wani dishi-dishin layi yakan fito daga baya wanda ba shi da ma'ana. A Najeriya, hukumar NAFDAC da majalisar kula da aikin lab ta MLSCN ne ke sa ido a kan kayan gwaji da ɗakunan gwaji.

Sakamako a cikin waya

Yanzu ɗakunan gwaji da dama ta WhatsApp suke aika sakamako. Sauƙi ne, amma hoton yakan sauka kai-tsaye cikin ma'ajiyar hotuna, ya hau Google Photos ko iCloud, kuma wayar da ƙanne ke ara su yi gem ba wurin ajiye sirri ba ce. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman, saboda haka lab ba shi da hurumin miƙa sakamakon wani ga wani haka kawai. Wanda zai nemi bayani a manhajar AI ko a wani zaure, ya fara yanke sunansa da lambar katinsa daga hoton. Manhaja tana iya fassara kalma, amma ba ta ga gyambo ba, ba ta san tarihin mutum ba, kuma ba ta yin allura.

Bayan an tabbatar

Labari mai daɗi shi ne tunjere tana warkewa, kuma maganinta tsoho ne mai araha. Tun 1943, lokacin da likita John Mahoney ya fara gwada penisilin a kanta a Amurka, har yau shi ne kan gaba. Nau'in da ake amfani da shi shi ne benzathine penicillin, allurar tsoka mai daɗewa a jiki: guda ɗaya ga cutar da ba ta daɗe ba, guda uku a tazarar mako-mako ga wadda ta daɗe ko ba a san lokacin shigarta ba. Wasu sukan yi zazzaɓi da ciwon jiki cikin awa 24 bayan allurar farko, alamar ƙwayoyin suna mutuwa, kuma yakan wuce. Kafsol ɗin da ake saya barkatai a kemis da sunan maganin sanyi yana iya ɓatar da ƙuraje ya bar cutar a ciki.

Dole ne a duba abokin zama shi ma a yi masa magani, in ba haka ba cutar za ta dawo, domin warkewa ba ta hana sake kamuwa. Sannan a ajiye takardar RPR ta farko da lambarta. Da ita za a auna nasara: a wata na 6 da na 12 akan maimaita gwajin, zai fi kyau a lab ɗaya kuma da iri ɗaya, ana neman lambar ta faɗi ninki huɗu, misali daga 1:32 zuwa 1:8. Tsinke ba zai taɓa nuna wannan saukar ba.

Saboda haka duk wanda ya fito daga wani ɗakin gwaji a Gyadi-Gyadi, ko Unguwa Uku, ko Hotoro, da takarda mai ɗauke da "reactive" a gaban VDRL, tambayoyi uku ne a gabansa kafin ya kira kowa: wane irin gwaji aka yi, an yi na ɗaya gidan, kuma nawa ce lambar? Amsoshin su zai kai wa likita. Mai juna biyu kuwa kada ta kwana da takardar, ta koma ɗakin awo a ranar.